Yadda Tunau Ya Ɓatar da Littattafan Ƙanwarsa

A ƙauyen Tudun Kanya an yi wani mutum mai suna Tunau. Ya ba shekara arba'in baya, ga ƙarfi, ga farar zuciya, sai dai in magana ta shiga kunnensa, yadda ta shiga haka take zama, ba ragi ba ƙari. Yana zaune a gidan gado da tsohuwarsu Iya da ƙanwarsa Malama Balaraba, mai koyar da Turanci a firamare. Shekara shida Balaraba tana rubuta wani dogon labari, har ya cika littattafan rubutu goma sha ɗaya, ba wanda ya taɓa karanta ko layi ɗaya. Babban burinta mutane su ji labarin, babban tsoronta kuma su yi mata dariya.

Wata rana Tunau ya ce, "Wai ke Balaraba, mai ƙira maƙeri, mai saƙa masaƙi. Mai irin aikin nan naki fa?"

Ta ce, "Mu marubuci muke cewa, Yaya, mu haɗa kowa da kowa. Turawa ne suka ware masa suna, nobelis. Ba sa kiran mai waƙa haka, ko mai rubutu a jarida, ko mai gajeren labari. Sai wanda ya ƙago dogon labari daga kansa, littafi guda, mace ko namiji."

Tunau ya miƙe zumbur. "Allahu akbar! Ashe muna da shi a gida! Yaushe ne naɗin?"

"Ba naɗawa ake yi ba. Mutane ne za su karanta, sannan su kira mutum da shi. Don Allah kada ka gaya wa kowa a garin nan."

Tunau ba ya saɓa alkawari. Ya danne bakinsa, murna na cin sa, ya taka mil bakwai zuwa kasuwar wani gari, ya fara baza labarin daga 'yan tumaki ya ƙare a 'yan gishiri. Kafin ya dawo gida, labarin ya riga shi isowa a kan babur.

Wata rana Balaraba ta ce, "Yaya, yau zan yi rubutu. Zauna a zaure, kada ka bar kowa ya shigo." Tunau ya baje a bakin ƙofa yana jin kansa dogarin fada. Ya kori mai ruwa, ya kori mai nono, ya mai da Iya da ta dawo daga barka. Can biro ya ƙare, Balaraba ta leƙa shago ta sayo wani, ta dawo ta tarar da hannun Tunau a gicciye a ƙofa.

"Yaya, ni ce fa!"

"Na gan ki sarai. Kowa kika ce."

Haka ita da Iya suka zauna a gindin darbejiya har azahar, shi kuwa yana ta fara'a, wai yau rubutu zai yi auki tunda ba mai damun ɗakin.

Wata rana ya iske ta tana hawaye a kan littafi na goma sha ɗaya. Ya tambayi abin da ya faru, ta share ido ta ce, "Malam Jatau ne ya rasu yanzun nan. Tun farko nake tare da shi, mutumin kirki." Malam Jatau a cikin labarin kaɗai yake, amma wa zai tsaya yi wa Tunau bayani? Ya yi salati, ya fita da gudu. Ya aro tabarmi, ya jera butoci, ya aika a haƙa kabari. Kafin ka ce kwabo ƙofar gida ta cika, mata na shiga da sallama suna "ya haƙuri". Da Liman ya zo ya tambayi inda mamacin yake, Balaraba ta fito ta ce yana cikin littafi. Sai dariya ta ɓarke. Masu haƙa kabari ne kawai ba su yi ba.

Abin da take gudu ya same ta, kuma ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta tattara littattafan duka ta danƙa masa. "Ungo, Yaya. Kai su inda ba zan ƙara ganinsu ba har abada."

Tunau ya fita da su a ka, yana tufka yana warwara. Rijiya? Tana leƙawa kullum. Rami? Ruwan sama zai tone. Wuta? Ai za ta ga toka. Yana cikin haka ya wuce teburin mai shayi, rediyo na ta zuba. Ya ja birki. Shekara nawa yana sauraron mutanen cikin akwatin nan, bai taɓa ganin ko ƙeyar ɗayansu ba! Ya yi tsalle ya tari motar birni, bai zame ko'ina ba sai gidan rediyo. Ya dire kayan a gaban wata mai gabatar da shiri, ya ce, "Baiwar Allah, ku ajiye mini waɗannan a inda kuke ajiye abin da ba a gani."

Mako uku Balaraba ba ta taɓa biro ba, ba ta kuma yi wa Tunau magana ba. Ran wata Asabar da la'asar tana tsince shinkafa, sai ta ji rediyon maƙwabta na karanto wasu kalmomi da ta sani kamar sunanta. Tire ya suɓuce mata. Kowace Asabar aka riƙa karanta kashi ɗaya, gari ya ɗauka. Masu haƙa kabarin nan ma, ranar da aka zo mutuwar Malam Jatau, ɗaya daga cikinsu ya yi kuka wiwi a gaban jama'a. A nan kuma mai karatun ta ce rubutu ya tsaya, marubuciyar ba ta ƙarasa ba.

Ba a yi rabin awa ba ƙofar gidan ta cika maƙil. Liman ne a gaba.

"Malama, 'yar marigayin nan, gonar ta dawo hannunta ko kuwa? Iyalina sun hana ni sakat."

Balaraba ta tsaya a zaure, ga hawaye ga dariya, ta juya wajen yayanta. Tunau ya tsorata, ya ɗaga hannu biyu.

"Wallahi ban saɓa ba! Kin gan su? Faɗi gaskiya, kin gan su da idonki?"

Ta ce, "Ban gan su ba, Yaya. Allah ya yi maka albarka." Sannan ta dubi taron ta ce, "Wa ke da biro a aljihu?"