Yadda Za Ka Tsira da Mutuncinka Idan Kwamfuta Ta Sandare Gaban Kwastoma

Ni Saminu, mai shagon buga takardu da cike fom kusa da tashar motar Gummi, na yi maka alkawari: bi matakan nan shida, babu wanda zai gane laifinka ne. Ranar Laraba na jarraba su da kaina.

Mataki na 1: Haɗa matsalar tun da rana

Kwamfuta tana raba lokacinta ne tsakanin ayyuka, kowanne ta ba shi ƙiftawar ido ta wuce na gaba. Irin wannan adalci bai dace da babban mutum ba. Buɗe jerin ayyukan da ke gudana, ka nemo naka. Nawa haɗa bidiyon bikin abokina Nazir ne, inda na fito sau goma sha ɗaya. Ɗaga shi zuwa matsayi mafi girma. Za ta yi maka gargaɗi. Danna "na yarda". Kai ka saye ta, ba ita ta saye ka ba.

Mataki na 2: Tarbi kwastoma da fara'a

Inna Atine mai masa za ta shigo da ɗiyarta Sahura. Fom ɗin makarantar ungozoma za su cike, ana rufewa ƙarfe huɗu, yanzu uku da kwata. Shekara biyu Sahura tana jiran ranar nan. Ka ce, "Minti biyar, Inna."

Mataki na 3: Zargi sabis

Shafin ba zai buɗe ba, kibiyar allo ma ba za ta motsa ba. Leƙa waje ka yi tsaki. Sabis bai taɓa zuwa ya kare kansa ba.

Mataki na 4: Yi lacca

Inna za ta ce, "Ɗana, mi ya hwaru?" Gyara zama. Bayyana mata cewa aiki mai babban matsayi ake fara sallama, ƙananan kuma sai ya sarara su samu shiga.

Da na yi mata wannan bayani, cewa ta yi, "Ni ma tandata gurbi goma sha biyu, hannuna guda. In na tsaya kan guda, saura ƙonewa za su yi. To wa ya ce ma abin ga ya tsaya kan guda?"

Duba agogo. Saura minti ashirin.

Mataki na 5: Kada ka tashi daga kujera

Nan na yi sake. Idanun Sahura sun cika da ƙwalla, ta ce, "Yaya Saminu, ɗan ba ni wuri." Na tashi. Ta danna maɓallai uku, muka jira har jerin ayyukan ya fito. Ta karanta na saman da ƙarfi: "Bikin Nazir, ni da ango." Saura kaɗan ya kammala. Ba ta ko dube ni ba, sai ta kashe shi.

Saura minti shida fom ya shiga.

Mataki na 6: Karɓi yabo

Ka ce, "Alhamdu lillahi, mun yi nasara." Jaddada "mun". Inna za ta dube ka tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Allah shi shirye ka, ɗana," ta ja hannun ɗiyarta su fita.

Gargaɗi: marubucin bai ɗauki alhakin komai ba. Wanda ya bi matakan nan, kwastomomi suka koma tsayawa bakin ƙofa suna tambayar ko Sahura tana kusa kafin su miƙa takardunsu, kada ya neme ni. Jiya ma mutum uku suka tambaye ni.