Sarkin Sawu Ya Ratsa Daji

Duk unguwar Gardole ta Injamena babu mai ƙafa irin ta Alhaji Falalu. Shi da kansa ya faɗa, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai in ya ga jama'a. Kakansa ya tako tun daga Kano zai je Makka, ya tsaya hutawa a bakin kogin Shari, hutun da zuri'arsa ke yi har yau. "Mu tafiya a jininmu take," in ji Alhaji, yana shiga mota zai je masallacin da ke kallon ƙofar gidansa. Unguwa ta laƙaba masa Sarkin Sawu, ya karɓa hannu bibbiyu.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: sandar kakan. Tana ɗakin Gwaggo Hajjo, babbar gidan, wadda ta ce sai jikan da ya gaji ƙafar za ta ba. Ana ta raɗe-raɗin Inusa ne, ƙanensa mai dakon kaya a gadar Ngeli. Maganar ta yi wa Alhaji zafi ƙwarai.

Sai ya tara mutane. "Zan ratsa gandun daji da ƙafa, tsakiyar damina, lokacin da Turawa ma ke tserewa. Kalas, na gama magana." Ya sayi takalmin sojoji da riga mai aljihu goma sha huɗu.

A dajin ya yi tattaki na bajinta, kusan minti ashirin. Nan hadari ya haɗo, tsawa ta faɗi, laka ta riƙe takalmin hagu ta ƙi saki. Alhaji ya yanke shawarar duba dajin daga sama, wato daga gadon bayan Shu'aibu, mai gadin dajin da ke masa jagora. Awa uku ruwa na dukansa yana ba da umarnin hanya.

Ya dawo Injamena da rigar yadda take, don shaida. A gidansu matafiyi ba ya shan ruwa sai babbar gida ta wanke masa ƙafa, tun zamanin kakan haka ake yi. Aka kawo kwano, dangi suka kewaye. Alhaji ya miƙe ƙafa yana labarin ɓaunar da ta kauce masa.

Gwaggo ta shafa tafin, sumul kamar na amarya. Ta dubi rigar: baya duk laka, ƙirji tas. Tsohuwar da ta goya 'ya'ya tara ba ta buƙatar bayani. Ta jawo sandar ta ɗora a cinyar Inusa, sannan ta ci gaba da wankin a hankali.

"Ɗan nan," ta ce wa Alhaji, "wanda ya goyo ka, ka dai sallame shi da kyau ko? Tun kana jariri nauyi gare ka."