Yadda Za Ka Kare Barcin Safe da Bishiyar Fayin

Ni da tashin sassafe ba ma ga maciji. Likita ya ce in riƙa tattaki kowace safiya saboda tumbi, uwargida kuma ta ɗauki maganar kamar hukuncin kotu. Idan halin da kake ciki ke nan, bi ni. Nasara tabbas ce.

1. Samo bishiya. Ba kowace ba. Fayin, mai ganye kamar allura. Tawa 'yata ce ta kawo a tukunya daga jami'a, inda take nazarin itatuwa. Idan ba ka da 'ya a jami'a, laifinka ne.

2. Saurari rabin bayani. 'Yar taka za ta ce bishiyar tana da agogo a cikin ƙwayoyin gadonta: wasu na aiki da safe, wasu da yamma, suna miƙa wa juna aiki kamar masu gadi. Nan za ka tashi ka bar falon. Ilimi idan ya wuce rabi, ciwon kai yake sawa.

3. Gabatar da hujja. Idan uwargida ta dire maka takalman tattaki a bakin gado, kada ka buɗe ido. Ce mata, "Itace ma yana da agogonsa. Nawa na yamma ne, gado ne."

Za ta ce, "A gidanku har barci ake gada?"

Yi minshari.

4. Girmama bishiyar. Ba ta ruwa a gaban baƙi. Kira ta abokiyar bincike.

5. Raba uwa da 'ya. Wannan ne matakin da na yi sakaci da shi. Na tsinci muryarsu a kicin.

"Mama, ai agogon irin wannan bishiyar ba ya riƙe kansa. Idan aka kulle ta a duhu, rikicewa yake yi. Hasken safe ne ke saita shi."

"Haske kawai?"

"Haske kawai."

"Allah Ya yi miki albarka."

Gargaɗi: Duk abin da ya same ka, babu hannuna, kada ka zo min gida. Ko ka zo da safe ma ba za ka tarar da ni ba. Tagar ɗakina gabas take kallo, labulenta kuma yana cikin akwatin uwargida.