Hankicin Malam Na-Birni

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka naɗa ni alƙalin fim a Kucheri, garin su mahaifiyata ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar.

Ni ma'aikaci ne a wani ofishin yaɗa labarai a Gusau. An taɓa tura ni bitar kwana uku kan ɗaukar bidiyo, har aka ba ni takardar shaida (tana nan rataye a falo, sama da hoton aurena). Tun daga ranar, a dangin mahaifiyata, duk abin da ya shafi kyamara ni ne malaminsa. Ni kuwa ban taɓa musawa ba.

Nasiru ɗan kawuna ne, wato taubashina, don haka tsokana a tsakaninmu gado ce, ba mai yin fushi. Gyaran waya yake yi a kasuwar Tsafe. Rana ɗaya ya tara abokansa suka haɗa ɗan fim na barkwanci da wayarsa, minti goma sha biyu. Kawu bai so abin ba ko kaɗan. A wurinsa, ɗan mutunci ba ya shafa garin rogo a gemu ya tsaya jama'a na yi masa dariya. Da gardama ta yi tsawo sai ya yanke hukunci: in na zo sunan jikarsa a nuna mini. In na ce akwai basira, Nasiru ya ci gaba. In na ce babu, a goge fim ɗin, kuma kada a sake tayar da zancen.

Bayan la'asar, baƙi sun ragu, aka kife turmi a tsakar gida aka ɗora kwamfuta a kai. Kawu na kan kujera da carbinsa, Inna matarsa da sauran 'yan gida na gefe. Aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma a gaba. Nasiru ya matso, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Malam na Gusau, don Allah a duba da idon rahama." Na ce masa aiki ba ya son sanayya. (Haka na ce fa, da bakina.)

Fim ɗin labarin wani ne wai shi Malam Na-Birni, ma'aikacin da ya zo ƙauye zai koya wa manoma noma. Biro uku a aljihun gaba, fayil a hammata. Kafin ya yi magana sai ya cire tabarau, ya hura masa iska, ya goge da bakin riga, sannan ya ce, "To, a ilmance..." In aka ba shi tabarma kuwa, sai ya zaro farin hankici ya shimfiɗa a kai kafin ya zauna.

Mutane suka yi ta dariya, suna satar kallona. Na ɗauka jira suke su ga yadda gwani zai karɓi abin, don haka na ƙara tsuke fuska, na zaro biro ɗaya cikin na aljihuna ina rubuce-rubuce. Ni da Kawu ne kaɗai ba mu dara ba.

Da aka gama Kawu ya ce, "To, mi kag gani?"

Na fara da ƙananan laifuka, kuma a nan da gaskiyata. Zakaran maƙwabta ya fi 'yan wasan murya. Yatsan mai ɗauka ya leƙo sau biyu. Sun ba rana baya, fuskoki duk sun yi duhu. Nasiru na ta gyaɗa kai. Da na tsaya nan da na koma Gusau da mutuncina.

Sai na cire tabarau, na hura, na goge da bakin riga. Na ji wata ta yi tari a bayana, ban kula ba.

Na ce, "To, a ilmance, babban aibin fim ɗin nan shi ne Malam Na-Birni. Barkwanci daga rayuwa ake ɗauko shi. Wannan mutum kuwa ƙage ne, babu irinsa a duniya. Haba Nasiru! Wane marar kunya ne za a shimfiɗa masa tabarma a gidan mutane, ya ɗora mata hankici?"

Inna ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Kawu ya ajiye carbi a hankali ya ce, "Ɗan tashi in ga abin da kaz zamna bisa."

Na tashi. Ga shi nan, fari tas, a baje, har da shatin zamana a jiki.

Ban san Kawu na da wannan dariyar ba. Ya yi har hula ta faɗi, yana share hawaye yana cewa, "Wayyo cikina!" Inna ta ƙara gishiri, ta ce ai hankicin cikin fim ɗin ma nawa ne, wanda na manta da babbar salla. Kunya ta rufe ni ruf. Na kai hannu zan cire tabarau don in sami abin yi, na tuna, na mayar da hannun.

Da Kawu ya sami numfashi ya nuna Nasiru ya ce, "Wanga yaro na da ido. Shi ci gaba. Zakaran dai a kore shi." Hukuncin da aka ce nawa ne ke nan, aka zartar ba a ko dube ni ba.

Nasiru ya raka ni bakin mota, yana ta godiya, wai bai taɓa samun sharhi mai amfani irin wannan ba. Ya miƙo mini hankicina a ninke. Na ce ya riƙe, yanzu yana da biyu.

Har yau ana kawo mini finafinai in duba, kuma ina dubawa. Sai dai duk sanda bakina zai ce babu irin wannan mutum a duniya, nakan ɗan muskuta tukuna, in ga abin da na zauna a kai.