Ƙuri'ar Labaran Ta Riga Shi Zuwa Gida

Jama'a, Lahadin nan da na ci burin hutawa, hutun bai yiwu ba. Na ɗora ruwan shayi ke nan a ɗakinmu na unguwar Hor Al Anz, nan Dubai, inda mu shida muke layi a kan banɗaki ɗaya, sai ga Labaran ya faɗo ko sallama babu, ya yi fatali da butar, ruwa ya bi kafet. Labaran ɗan jiharmu ne, yana tuƙa injin ɗaga kaya a wani sito a Al Quoz, shekara bakwai rabonsa da gida. Mutum ne mai sanyi, ko kwantena ce ta faɗo ba ya ɗaga murya. Amma ranar idonsa ya yi ja wur.

Ya ce, "Malam Kamal, ashe na yi zaɓe."

Na ce, "Wane zaɓe kuma? Na mai wanke banɗaki?"

"Na shugaban ƙasa, wanda ya wuce. A rumfar firamaren unguwarmu. Wai har na dangwala."

To, ba zan kama sunan jiharmu ba, don in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu, kuma ina da 'yan uwa a can. Amma duk wanda ya san mu ya san bajintar da muka yi a zaɓen nan. A makon da babu man fetur, mai babur yana kwana biyu a layi, mutanenmu suka fito kwansu da kwarkwatarsu. A rumfar su Labaran mutum ɗari huɗu suka yi rajista, ɗari huɗu da goma sha ɗaya suka jefa ƙuri'a, kuma duk ra'ayinsu ɗaya. Ko a gidan biki ba a samun irin wannan haɗin kai a kan tuwo da shinkafa. Mu nan Dubai har alfahari muka yi wa 'yan wasu jihohi, muka ce su zo su koyi kishin ƙasa. Ashe da mu a ciki.

Ga yadda maganar ta fito. Akwai wani babban mutum a mazaɓarsu, mu kira shi Mai Girma Garkuwan Akwati, Uban Marayun Mazaɓa, Allah ya ƙara wa rawaninsa nauyi. Wancan karon ya yi alkawari uku: kwalta, rijiyar burtsatse, da ayyukan yi har sai 'ya'yanmu da ke ci-rani sun dawo gida. Kwaltar tana hanya, sai dai ba ta samu hanyar da za ta bi ba. Rijiyar kuwa an kafa allonta, allo mai kyau ƙwarai, awaki na shan inuwa a gindinsa. Da kakar zaɓe ta sake ƙaratowa, sai Mai Girma ya ga bai kamata alheri ya tafi ba godiya ba. Ya buga takardun yabo masu zanen zinare, ya ɗauko motoci goma sha ɗaya da maroƙi da lasifika, ana bi gida-gida ana karrama iyalan da babu wanda ya yi fashin zaɓe a cikinsu.

Aka tsaya ƙofar gidan su Labaran, maroƙi ya rangaɗa sunaye, har da na Labaran. Kafin la'asar matan unguwa sun cika tsakar gida. "Inna, ashe ɗanki ya zo? Shi ne ko tsaraba?" Tun daga ranar Inna, mahaifiyarsa, ta daina ɗaukar wayarsa. Kwana tara ke nan, sai ranar Lahadin ya ji dalili. Wanda ya san fushin uwa ya san Labaran ba a kan butar shayi yake ba.

Issah, maƙwabcin gadona, ɗan Zongo ne daga Kumasi, yana gadi a wani otal. Ya leƙo daga gadon sama ya ce, "Ei, asem! Habibi, ku kuna da fasaha fa. Mutum ya tafi Najeriya, ya dawo, ba tikiti, ba biza, manaja bai sani ba? Koya min, ina so in ga Kumasi."

Labaran bai yi dariya ba. Ya zazzage jakarsa a kan gado. Ga fasfo, babu hatimin fita ko ɗaya. Ga takardar da ya roƙo daga ofishin sito, mai nuna cewa ranar zaɓen da ƙarfe bakwai na safe ya dangwala yatsa a na'urar shiga aiki. Na dubi babban yatsan nan nasa da girmamawa. Yatsa ɗaya, ƙasa biyu, rana ɗaya! Mu da muke cewa manyanmu ba su iya komai ba, mu nemi gafara. Larabawan nan da duk jirgin ƙasansu mara direba, ba su kai ga wannan ba.

Duk ya ɗauki hotunan ya tura wa ƙanwarsa Mahfuza, wadda ke gida tare da Inna. Amsa ta dawo a saƙon murya: "Yaya, na nuna mata. Ta ce ita ba ta karatun hatimi."

Na ce, "Khalas, ya isa, bar tura naka. Ce mata ta turo nasu, mu ga takardar yabon da idonmu."

Hoto ya iso. Zanen zinare sai ƙyalli, hoton Mai Girma ya cinye rabin shafi, yana murmushin wanda bai taɓa bin layin mai ba. Sunaye bakwai, Labaran ne na uku. Da na kai ido kan na farko sai na yi salati. Malam Sanda, mahaifin Labaran, wanda ya rasu shekara biyu kafin zaɓen. Ina nan ranar da labarin rasuwar ya zo, Labaran ya yi kuka a bayan sito, ya ce ba hutu, sai dai baɗi. Baɗin ce har yau.

Labaran ya yi tsalle har kansa ya bugi gadon Issah, nan take ya kira Mahfuza. "Shi ke nan! Hujja ta samu! Yalla, Mahfuza, kai mata wayar, ki ce don Allah minti ɗaya."

Ya buɗe lasifikar wayar muna ji. Ya gaishe ta har da durƙusawa, kamar tana ganinsa. Ya ce, "Inna, ki sa a karanta miki sunan farko. Har da Baba fa aka rubuta. Kin ga ƙarya ce, wallahi ban zo ba."

Labaran ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta ce, "Ɗan nan, ni na yi wa mahaifinka takaba. Ai na fi masu takarda sanin inda yake."

"To Inna, me ya sa kika..."

"Shi uzurinsa ƙasa ta rufe masa ido. Kai mene ne naka? Da maroƙin nan ya kira sunanka a ƙofar gida, na san ƙarya ce, amma sai da na tashi na leƙa zaure. Sunanka ya fi ka zumunci, ɗan nan. Shi ko ba komai yana zuwa duk shekara huɗu."

Ta miƙa wa Mahfuza wayar. Issah ya ja bargo ya juya bango. Ni kaina, tawa tsohuwar ma shekara biyar ke nan muryata kawai take ji. Abin ya yi min zafi, ba zan ɓoye muku ba.

Litinin da sassafe Labaran ya tsaya gaban manaja ya ce hutu yake so, in babu hutun ga makullin injinsu. An ba shi wata guda. Yanzu haka yana can kasuwa yana zaɓar wa Inna turare da abaya.

Don haka a yi adalci, jama'a. Masu cewa Mai Girma Garkuwan Akwati bai cika alkawari ko ɗaya ba, su ji tsoron Allah. Ya ce zai dawo da 'yan ci-rani gida, ga shi ya dawo da mutum ɗaya, saura mu.

Ni dai saƙona ɗaya na ba Labaran. In ya isa, ya ɗan biya ta rumfar unguwarmu ya dubo min wanda na zaɓa. Shekara da shekaru ina zagin waɗanda suka jefa mu cikin wannan hali, gara in tabbatar ba kaina nake zagi ba.