Tsintsiya Kafin Lissafi

Jiya da safe na bi Auta makaranta da biron da ta manta. Ina sa ƙafa a ƙofa aka buɗe ni da ƙura tun daga hula har takalmi. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga mai sharar 'yar cikina ce. Bayanta 'yan matan ajinsu ne reras, kowacce duƙe da tsintsiya. Ta taga kuwa ga maza can zaune, malamin lissafi yana ta cika allo.

"Ke Auta, ba a shiga aji ba?"

"An shiga, Baba. Mu sai mun gama shara. Kullum haka ne."

Kullum fa, jama'a. Yarinyar nan injiniya take son zama, jarrabawa ta ƙarato, kuma wanda ya faɗi lissafi ba ya wucewa gaba.

Na sami hedimasta. Wai maza ba su iya shara ba, suna barin lungu. Na ce ai makaranta ce, a koya musu mana. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa, ya ce in kai kukana sama.

Na san na saman. Mai Girma Uban Ilimin Mata, wanda hotonsa ya fi allon ajin faɗi, ya zo bara ya yi jawabi har da share hawaye. Ya kafa kwamitin binciken abin da ke kayar da mata a lissafi. Kwamiti ya tare a otal, ya ci ya yi nak, ya gano cewa yaran ne ba su da sha'awa. Allah ya ƙara basira.

Maƙwabcina tela ya ce, "Kai ma da neman magana. Ai shara tarbiyya ce."

Na ce, "Naka ɗan ba ya bukatar tarbiyyar?" Ya ci gaba da taka kekensa.

Duk da haka na taka har ofishin na saman na yi bayani. Sun saurare ni, har da gyaɗa kai. Kuma ban taɓa ganin aiki da sauri irin wannan ba: yau da hantsi mota ta sauke sababbin tsintsiyoyi masu dogon mariƙi, don kada bayan 'ya'yanmu ya yi ciwo.

Auta ta dawo ko kallona ba ta yi. "Baba, an ce albarkacin ƙorafinka ne. Tunda sharar ta yi sauƙi, an ƙara mana da ofishin malamai."

Darasi na biyu, wanda shi ma yanzu zai riƙa wuce su, kimiyya ne. Ni dai na kama bakina, kada in sake magana a haɗa musu da wankin mota.