Rasuwar Dutsen Barkono a Ƙarƙashin Tukunyar Gwate

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da warin ƙonannen soso, ni Ishaku Davou na unguwar Mahuta, a madadin kaina ni kaɗai tunda sauran dangi sun ci sun ƙoshi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Dutsen Barkono, wanda ya bar mu da hantsin Asabar ɗin da ta wuce, a tsakar gidana, a ƙarƙashin tukunyar gwate. Mun miƙa wuya ga nufin Ubangiji. Ga nufin Scholastica, matar ƙanena, ba mu miƙa ba tukuna.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, dutse ne na aikin hannu, girmansa bai wuce ƙwarya a kife ba. Sunan kakansa ya ci, wato babban dutsen da ke bayan gidanmu a ƙauye, can Filato, inda matan gidanmu ke shanya barkono tun kafin a haife ni. Kakan ya riga shi tafiya. Masu fasa dutse suka sayi wurin, suka mayar da shi tsakuwa, aka kwashe shi tifa-tifa, yau wataƙila yana gindin otal ɗin wani. Mahaifiyata, wadda ke zaune tare da ni tun da ƙafa ta ƙi, ba ta da hirar da ta wuce ta dutsen nan. Sai kuma likita ya gaya mana hasken idonta yana tafiya, ba kuma zai dawo ba. Shi ne na ɗaura niyyar kafin hasken ya tafi gaba ɗaya Mama ta sake ganin dutsenta, ko da ƙarami ne. Dalilin zuwan marigayin duniya ke nan, ba shi da wani.

An haife shi a ɗakin ajiyar kayana, daga farin soson nan mara nauyi da ake tallafe sabon firji da shi a cikin kwali. Na sassaƙa shi da wuƙar kicin, na shafe shi da siminti da yashin kogin Kaduna da na tankaɗe da rariya, sannan na danna masa cukurkuɗaɗɗiyar takardar buhun siminti tun yana ɗanye, don fatarsa ta yi ƙurji-ƙurji irin na dutsen gaske. Ni tsohon mai haɗa launi ne a masaƙar Kakuri kafin a rufe ta, saboda haka ban yarda da fenti mai launin toka kawai ba. Dutse ba toka ba ne. Akwai ja a cikinsa, akwai rawaya, akwai baƙin da ruwan sama ke bari idan ya gangara ta hanya ɗaya shekara da shekaru. Na yi masa wannan baƙin da baƙin tukunya, na yarfa masa ɗigo-ɗigo da tsohon buroshin haƙori, na manna masa garin kuka a lungunan da gansakuka ke fitowa. Har kashin tsuntsu na yi masa, har ɗan ramin da ke samansa inda ake zuba barkonon don kada iska ta kwashe.

A nan ne na yi masa abin da ya kai shi kabari. Raina ya ƙi yarda da dutsen da za a ɗauka da yatsa biyu, sai na buɗe cikinsa na cusa wani tsohon ƙarfen injin markaɗe, na liƙe. Ya yi nauyi irin na manya. Na yi alfahari da wannan nauyin sosai.

Marigayin ya rayu shekara guda da ɗan abin da ya ɗora, a ɓoye, lulluɓe da tsohon zane. So nake ya fito ranar sujadar godiyar da za mu yi wa Mama, a gaban fasto da jama'a, a yaye zanen kowa ya riƙe baki. Mama takan jiyo ni daga ɗakinta ta ce, "Davou, me kake ta kankarewa a ɗakin nan?" Ni kuma in ce, "Za ki gani, Mama, ki yi haƙuri."

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya tsoma baki a maganar kowa. Bai taɓa neman caji ko fetur ba. Sau uku ko huɗu na kankare masa fenti na sake, bai yi ƙorafi ba. Maganarsa ɗaya ce a duniya: idan ka ƙwanƙwasa shi da farce sai ya ce "ƙwas," a hankali, ba "ƙau" ɗin dutsen gaske ba. Da wannan ƙwas ɗin kaɗai za a gane shi, kuma babu wanda ya tsaya ya tambaye shi.

Jinyarsa gajera ce. Da safiyar ranar godiyar na fito da shi gindin katanga don shafin ƙarshe ya sha rana, na tafi ɗauko kujerun haya. A bayana matan zumuntar majami'armu suka iso da itace da manyan tukwane. Murhun ƙarfen da suka aro bai ishe su ba, sai Scholastica ta ce a kafa na duwatsu. Ta samo biyu a bakin kwata. Na ukun ta same shi a gindin katanga, ta ɗaga ta ji nauyi, ta gamsu. Aka ɗora masa tukunyar da ke cin mutum biyu kafin a sauke ta, cike da gwaten acca da naman akuya, aka hura wuta.

Waɗanda suka shaida sun ce ya yi jarumta. Ya riƙe tukunyar har ta tafasa. Daga nan ya fara cewa "tsss," wani baƙin hayaƙi ya fito ta gefensa, matan suka ɗora wa itacen laifi. Soson cikinsa ya narke, fatar simintin ta rasa abin jingina, ya ce "ɓus," ya durƙushe. Tukunyar ta bi shi.

Abin da na tarar da na dawo ba na fatan maƙiyina ya gani. Gwate ya malale tsakar gida, kore-kore, yana tururi, ya haɗu da toka da ruwan wanke-wanke ya nufi kwata. A tsakiya marigayin ne, rabinsa ya zama baƙin danƙo mai yauƙi yana ɗiga, ganyen yakuwa ya manne masa a fuska, ƙarfen cikinsa ya leƙo waje. Warin kuwa na tayar da aka ƙona ne aka zuba mata daddawa. Ƙudajen Mahuta kaf suka zo gaisuwa. Sai da na juya na tofar da yawu sau biyu kafin in iya magana.

Amma ba wannan ne ya fi tayar mini da zuciya ba. Mata wajen goma na gani a durƙushe, na ɗauka marigayin suke ceto, ashe nama suke tsinta. Suna tsamo shi daga cikin tokar da narkakken soson, suna ɗauraye shi a bokiti, suna jefawa a wata tukunyar. Wata ma ta sa ƙafa ta ture marigayin gefe don ta kai ga wata tsoka da ta maƙale a ƙarƙashinsa.

Scholastica ta miƙe da ludayi a hannu ta ce, "Yaya, abeg kar ka dube ni haka. Dutse na gani, dutse na ɗauka. Wa ya ce ka yi shi kamar na gaske? Da ka rubuta a jikinsa."

Na ce, "In rubuta me?"

Ta ce, "Ka rubuta ba dutse ba ne mana. Ga shi yanzu ka sa mun yi asarar gwate."

An ci naman nan. Ina so a rubuta wannan a tarihi. Dattijo Benson na majami'armu ya ci, ya ƙara, ya suɗe yatsa, ya ce mini, "Ɗan'uwa, naman yau yana da wani ɗan ƙamshin hayaƙi mai daɗi, wace ce ta dafa?" Ni ko ruwan gidan ban sha ba.

Marigayin ya bar bukkoki uku na kwali da aka yi don su zauna a gindinsa, yanzu marayu ne. Ya bar bishiyar ɗinya ta waya da soson wanka, da awakin laka waɗanda ba su da inda za su hau. Ya bar kuma abokan aikinsa na ƙarshe, duwatsun nan biyu na bakin kwata, waɗanda suka fito lafiya lau ba ko tabo, har an sake ɗora musu wata tukunyar a ranar.

Da jama'a suka watse na kwashe abin da ya rage a faranti, na wanke gwaten da ya wanku, na nufi bola. Mama tana zaune a ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Davou, abin da ake ta surutu a kai ne? Kawo."

Na ce, "Mama, ƙazanta ce, wari yake."

Ta ce, "Na ce ka kawo."

Na ɗora mata a cinya. Ba ta sunkuya ta duba ba, fuskarta tana kallon katanga. Hannu ta sa. Ta bi ɓangaren da wuta ba ta ci ba, a hankali, ta gangara ta hawo, har yatsanta ya faɗa ɗan ramin nan na sama. Ta tsaya a nan. Ta ce, "Dutsenmu ne. Ga inda nake zuba barkono. Nan gefen ne babanka yake zama yana gyaran fartanya."

Na ce, "So na yi ki gan shi yau a gaban mutane, Mama. Shekara guda ina yinsa."

Ta ce, "Ai ko bai ƙone ba, yau ba zan gan shi ba. Tun kafin Kirsimeti ba na ganin komai sai haske da duhu. Ban faɗa ba ne don kar ku tayar da hankalinku." Yatsanta yana nan cikin ramin. "Lokacin da nake tambayarka me kake kankarewa, ina gani a lokacin. Da ka nuna mini ko rabinsa ne."

Na zo rubuta sanarwar nan da niyyar in yi wa Scholastica wankin babban bargo, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma tun ranar Asabar, in na tashi jin ƙyama, ba ita nake fara tunawa ba.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Za a binne marigayin a gindin mangwaron bayan gida, a nan Mahuta, tare da ƙarfen cikinsa. Ba za a dafa komai ba, don haka Dattijo Benson yana iya hutawa a gida. An roƙi matan zumunta su yi addu'a daga inda suke. Scholastica tana iya zuwa, da sharaɗin ta riƙe hannayenta a baya.

Ranar ce ba a sa ba. Na haƙa ramin tun Litinin, na je ɗaukar gawar, Mama ta hana. Da shi take wuni a cinyarta, da warinsa da komai, zanenta duk ya yi baƙi. Ta ce in ba ta lokaci, ba ta gama dubawa ba.